Oto Liliyantal, ɗalibin shamuwa

Idan watan Mayu ya kama a ƙasar Adar, zafi ya kai inda ya kai, sai kowa ya riƙa ɗaga kai yana duban sama. Ran da aka ga shamuwa ta iso ta sauka bisa kuka ko bisa gawo, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi, damana ta kusa. Ba mai jifar ta, ba mai taɓa ƙwanta. Mu abin da muke karantawa jikin shamuwa ke nan, labarin ruwa.

Akwai wani mutum can ƙasar Jamus da ya karanci wani abu daban jikin wannan tsuntsuwa. Shi fiffikenta ya sa wa ido. Ya yi shekara fiye da 20 yana duba shi, yana aunawa, yana rubutawa. Daga baya ya ɗaura wa kanshi fiffike na itace da zane, ya faɗa cikin iska, iska kuwa ta ɗauke shi. Sunanshi Oto Liliyantal. Mutanen ƙasarshi suna rubuta sunan haka: Otto Lilienthal. Duk jirgin da kuka ga ya sauka filin jirgi na Tawa ko na Yamai, fiffikenshi yana bin Oto bashi.

Shamuwar ƙasarsu ta fi tamu girma. Fara ce, baki da ƙafafu ja, gefen fiffike baƙi. Wasu Hausawa suna kiran ta galantoyi. Ita ma matafiyiya ce. In sanyi ya matso a Turai sai ta taso zuwa Afirka. Na yammacin Turai suna ƙetara teku wajen Maroko, su ratsa hamada, su sauka Mali da Nijar da maƙwabtansu. Na yankin su Oto yawanci gabas suke bi, ta Turkiyya da Masar, su kai Sudan da Cadi, wasu su zarce kudu. Don sauƙi, cikin wannan karatu shamuwa za mu riƙa ce mata.

Ƙuruciyarshi

An haifi Oto ran 23 ga watan Mayu 1848, a wani ƙaramin gari mai suna Anklam, arewacin Jamus, kusa da teku. Ubanshi ɗan kasuwa ne, mai saida yadi. Shi ne ɗan fari cikin ƴaƴa 8. Biyar sun rasu tun suna ƙanana, saura uku: Oto, da ƙanenshi Gustab, da ƙanwarsu Mari. Irin wannan ciwo ba sai an gaya ma iyayen ƙauyukanmu ba. Kasuwa kuma ta juya ma uban baya. Yana shirin kwashe iyali zuwa Amurka sai ajali ya same shi cikin 1861. Oto lokacin bai cika shekara 13 ba.

Uwarsu, Karolin, ita ta riƙe gida. Tana koyar da waƙa, tana ƴan sana'o'inta, ta tsaya har yaran suka yi lekol. Kuma ba ta hana su wasannin da wata uwar za ta kira shashanci ba.

Gefen Anklam akwai fadamu masu ciyawa inda shamuwa ke kiwo. Oto da Gustab kullum suna can suna raɓewa don su gan ta kusa. Nan suka lura da wani abu. In shamuwa za ta tashi, ko yaushe sai ta fuskanci iska. Ko da mutum ya taso mata daga inda iskar ke fitowa, wajenshi za ta yi tsalle biyu uku kafin ta ɗaga, ba ta ba iska baya. Ku duba angulu a mahauta, ko zabi in kare ya kore su, za ku ga haka nan. Mu mun sha gani mun wuce. Su yaran suka tsaya suka tambayi kansu dalili.

Oto yana da wajen shekara 14 suka yi fiffikensu na farko da siraran allunan itace, kowane tsawon metir 2, faɗin metir 1, da maɗauri na sa hannu. Don kada abokan lekol su yi musu dariya, da dare suke fita su hau wani tudu, su sheƙo da gudu suna kaɗa hannuwa. Ba abin da ya tashi. Da dare iska kwance take, su kuma ba su san ita ce rabin aikin ba.

Neman sani da neman abinci

Oto ya yi makarantar sana'a a garin Fotsdam, ya yi koyon aiki wata masana'antar ƙarfe a Barlin, babban birni. Kuɗi babu. Har gado ɗaya ya raba da wasu masu tuƙa keken doki, ana kwana bi da bi. Daga 1867 zuwa 1870 ya yi babbar makarantar injiniyoyi ta Barlin.

Cikin 1868 shi da ƙanenshi suka ƙera wani abu mai fukafukai 6, mutum na taka shi da ƙafa yana kaɗawa. Suka rataye shi da igiya jikin gini, suka ɗaura nauyi a ɗaya bakin igiyar don su san ƙarfin da ya samu. Mutum da abin duka kilo 80 ne. Iyakar abin da ƙarfin ƙafa ya ɗaga kilo 40, shi ma na ɗan lokaci kaɗan, mutum ya gaji liƙis. Wani zai ce sun faɗi. Amma yanzu suna da lissafi a takarda, sun san ƙarfin ɗan Adam rabin hanya yake kaiwa.

A 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Jamusawa da Faransa, Oto ya shiga soja. Yana cikin waɗanda suka kewaye birnin Faris. Can ya ga mutanen birnin suna fita ta sama cikin balo, wato wani ƙaton buhu mai cike da iska maras nauyi, da kwando rataye ƙasanshi. Balo yana tashi, amma inda iska ta so nan take kai shi. Oto irin tashin tsuntsu yake so, wanda ke zuwa inda ya nufa.

Zamanin nan manyan masana ba su ba abin fata ba. Cikin 1873 wani shahararren malamin kimiyya na Barlin, Helmholts, ya yi lissafi ya nuna da wuya mutum ya ɗaga kanshi sama da ƙarfin jikinshi kaɗai. Jama'a suka ɗauki maganar suka ƙara mata gishiri, ta koma wai mutum ba zai taɓa tashi ba ko ta ƙaƙa. Wanda duk ya yi zancen tashi sama sai a dube shi kamar mai taɓin hankali.

Oto ya ci gaba da aikin injiniya. Ya ƙera injin yankan gawayin ƙasa cikin rami. Wajen wannan aiki ya gamu da Agnes Fisha, ɗiyar wani ma'aikacin ramin ma'adinai, suka yi aure cikin 1878. Allah ya ba su ƴaƴa 4. Shi da Gustab kuma suka ƙago ƙananan tubala na wasan yara, da rairayi da alli da man wata tsaba. Tubalan sun yi kyau, amma su biyun ba su iya talla ba, bashi ya hau su. A 1880 suka saida dabarar ga wani ɗan kasuwa mai suna Rishta. Shi ya yi arziki da ita, har duniya ta san tubalan. Gustab ya yi zuciya ya tafi Ostareliya, sai bayan shekara 5 ya komo.

Abin da ya tsamo Oto wata tukunyar tururi ce da ya ƙago, ƙarama, wadda ba ta da haɗarin fashewa irin na manyan tukwanen zamanin. Ta dace da masu ƙananan sana'o'i. A 1883 ya buɗe masana'antarshi a Barlin, ma'aikata suka kai wajen 60. Cikin 1890 ya yi abin da ba a saba gani ba: ya sa kashi 25 cikin 100 na ribar shekara a riƙa raba ma ma'aikata, bayan albashinsu.

Asirin fiffike

Nan ne gindin labarin, sai mu tafi sannu.

Mutanen da, in za su gwada fiffike, shimfiɗaɗɗe suke yi kamar faifai ko allo. Oto ya duba fiffiken shamuwa da kyau, ya ga ba haka yake ba. Yana da ɗan doro sama, da ɗan rami ƙasa, kamar tafin hannu in za a ɗebi ruwa amma ba a rufe shi sosai ba. Sai ya ce bari a auna a gani ko doron nan yana da amfani.

Ya ƙera abin awo. Doguwar sanda ce bisa gindi, tana juyawa kamar yadda raƙumi ke zagaya injin matsar rake ko mai. Bakin sandar kowane gefe ya ɗaura ɗan guntun fiffike. Nauyi mai saukowa da igiya shi ke juya sandar, sikeli kuma yana nuna yawan ƙarfin da fiffiken ke ja sama. Ya gwada shimfiɗaɗɗe, ya rubuta. Ya gwada mai doro kaɗan, ya rubuta. Ya gwada mai doro da yawa, ya rubuta. Ya karkata su haka, ya karkata su haka. Daga nan ya fita fili ya sake awon cikin iskar Allah. Sun fara wannan aiki wajen 1873, neman abinci ya tsaida su, suka koma kanshi a 1888.

Ga abin da ya samu. Fiffike mai ɗan doro ya fi shimfiɗaɗɗe ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, kuma iska ba ta tare shi da yawa. Amma doron in ya yi yawa kamar ƙwarya, ya ɓaci. Wanda ya fi mishi kyau shi ne ɗaya cikin 12. Wato in faɗin fiffike daga gaba zuwa baya taƙi 12 ne, tsakiyarshi ta ɗaga taƙi 1.

Mi ya sa haka? Iska tana da nauyi ko da ba mu ganin ta. Wanda hadari ya taɓa yaye ma kwanon rufin ɗaki ya sani. In fiffike mai doro ya ratsa iska, gabanshi ɗage kaɗan, iskar tana bin doron a hankali, ta fita baya tana gangarawa ƙasa. Fiffike ya tura iska ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Iskar da ke bisa doron ba ta danna shi kamar yadda ta ƙasa ke tokare shi. In kuna cikin mota tana gudu, ku ɗan fitar da tafin hannu kwance, ku ɗaga yatsu kaɗan, za ku ji hannun yana son tashi. Amma ku duba hanya tukuna, kada itace ya kwashe hannun. Wannan kuma shi ne amsar tambayar yaran nan biyu: shamuwa tana fuskantar iska don iska ta gudu bisa fiffikenta tun ba ta yi nisa ba.

Oto har ƴaƴan shamuwa ya kiwata cikin lambun gidanshi don ya ga yadda suke koyon tashi. Ya ga su ma ba rana ɗaya suke iyawa ba. Tsalle suke fara yi, su faɗi, su sake.

A 1889 ya buga littafi, ya zuba duk awon da ya yi ciki, da zane-zanen fiffiken shamuwa na hannunshi. Ma'anar sunan littafin ita ce tashin tsuntsu shi ne tushen sanin tashi sama. Ni abin da ya fi burge ni nan shi ne bai ɓoye ba. Da yawa cikin masu sani, nan da can, in sun gano abu sai su rufe, ya bi su kabari. Shi ya rubuta don na baya su karanta su gyara.

Yadda ya gina shi

Yana da shekara 43, ga iyali, ga masana'anta, ga furfura ta fara, sai ya ce lokaci ya yi da zai sa jikinshi. Gustab daga nan ya ɗan ja baya, ya kama aikin gine-ginenshi.

Kayan aikin ba wasu na mamaki ba ne. Akwai wani icce na bakin ruwa a ƙasarsu mai tsumagu dogaye, masu lanƙwasa ba su karye ba, kamar gezar da muke yin kwando da gadon kara da bakin rumbu. Da shi ya yi ƙasusuwan fiffike. Tsumagun suna fita daga tsakiya su bazu kamar yatsun jemage. Ya ɗaure su da waya don kada su wuce iyaka, ya shimfiɗa farin zanen auduga irin na riga bisa, ya shafe shi da wani ruwa mai toshe ramukan saƙa don kada iska ta zurare. Bisa zanen ya sa wasu lanƙwasassun sanduna masu riƙe doron nan na ɗaya cikin 12. Baya kuma ga wutsiya, ɗaya tsaye ɗaya kwance, don abin ya riƙa fuskantar iska. Wanda ya fi shahara cikin waɗanda ya yi, daga wannan baki zuwa wancan metir 6 da santimetir 70 ne, nauyinshi kilo 20, bai kai rabin buhun siminti ba. In an gama ana naɗe shi, mutum ɗaya ya ɗauka. Inji babu.

Tsakiya akwai rami inda mutum ke shiga. Ya zura hannuwa cikin maɗauri masu laushi har gwiwar hannu, ya kama sanda, ƙirji da kai suna sama, ƙafafu suna reto ƙasa. Da ƙafafun nan yake tuƙi. In abin ya karkata hagu, ya wurga ƙafafu dama. In hanci ya ɗaga, ya wurga su gaba. Ku riƙe wannan, za mu komo kanshi.

Ya fara cikin lambun gida cikin 1891, yana tsalle daga wani dandamali mai tsawon metir 1, yana ƙara tsawon kaɗan kaɗan, kamar ƴaƴan shamuwarshi. Cikin shekarar ya koma wani tudun rairayi kusa da ƙauyen Darwits. Can ya fara yin metir 20 zuwa 25 ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba. A 1893 ya samu duwatsun Rino, arewa maso yamma da Barlin, tuddai masu gangara sannu, kamar wasu na wajen Keita in da ciyawa ta rufe su. Nan ya kai metir 250. Amma wurin da nisa, sai ranar hutu. Don haka a 1894 ya sa aka tara mishi tudu kusa da gida, da ƙasar da masu yin tubali suka zubar, tsawonshi metir 15, mai tsini kamar hular rumbu. Ko daga ina iska ta taso, yana da gefen da zai fuskance ta. Cikin kan tudun ya yi ɗakin ajiye fukafukai.

Mutanen Barlin suka riƙa zuwa kallo. Zamanin nan ne kuma aka fara iya ɗaukar hoton abu yana motsi. Wani gwanin hoto mai suna Anshuts, wanda shi ma ya taɓa ɗaukar hotunan shamuwa, da wasu irinshi, suka ɗauki Oto yana shawagi bisa kawunan mutane. Jaridun Turai da Amurka suka buga. Mai musu da baki ya rasa ta cewa, ga mutum nan rataye cikin iska. Aka fara aiko da kuɗi ana saye. Ya saida wajen 9, har Rasha da Ingila da Amurka. Ya gina iri-iri fiye da 15, wasu masu fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya. Cikin shekara 5 ya yi tsalle fiye da 2000.

Ba duka ya yi daidai ba. Har ƙarshen ranshi yana ganin sai fiffike ya kaɗa kamar na tsuntsu kafin a yi tafiya mai nisa. Ya kashe kuɗi da lokaci wajen wani ɗan inji mai kaɗa bakin fiffike, abin bai kai ko'ina ba. Nan shamuwa ta ɓad da ɗalibinta. Jirgi fiffikenshi tsaye yake, farfela ce ke jan shi. Ya kuma zuba kuɗi cikin wani gidan wasan kwaikwayo don talakawa su shiga da araha, shi ma ya ci mishi aljihu.

Yana da wani buri kuma. Cikin 1894 ya rubuta ma wani mutum wasiƙa, ya nuna in mutane suka iya tashi sama iyakokin ƙasashe za su zama banza, tun da ba a gina ganuwa cikin iska, yaƙi kuma zai ƙare. Allah sarki. Shekara 15 bayan rasuwarshi, cikin 1911, sojan Italiya ya jefa bam daga jirgi a Libiya, maƙwabciyarmu ta arewa. Shi ne na farko a duniya.

Ran 9 ga Agusta

Ya san haɗarin. Ya sha targaɗe da gurjewa. Ya ma taɓa ƙera wani lanƙwasasshen icce da yake sa wa gaban fiffike, don in an faɗi shi ya fara karyewa. Sau ɗaya iccen nan ya cece shi, ya faɗo daga sama ya tashi da rauni kaɗan.

Ran Lahadi 9 ga Agusta 1896 ya tafi duwatsun Rino tare da ma'aikacinshi Baul Bailish. Fiffiken da ya ɗauka ran nan ba shi da iccen kariya. Ya yi tashin farko lafiya. Daga baya, yana sama, sai wata iska ta taso daga ƙasa ta ɗaga mishi hanci. Abin ya tsaya cik cikin iska.

Ga abin da ke faruwa. Fiffike yana ɗaukar kaya ne muddin iska na gudu bisa doronshi. In gaba ya ɗaga ya wuce kima, gudu ya ragu, iskar sai ta saki doron ta watse. Nan take fiffike ya koma zane da itace kawai. Oto ya wurga ƙafafu gaba iya ƙarfinshi, nauyin jikinshi bai isa ba. Hanci ya kifa, ya faɗo daga wajen metir 15.

Bailish ya ciro shi, aka kai shi ƙauyen Shtolin cikin keken doki. Ƙashin wuyanshi ya karye, ƙafafu ba su motsi. Aka sa shi jirgin ƙasa zuwa Barlin, wajen wani babban likita mai suna Bargman. Bai yi rai ba. Ya rasu ran 10 ga Agusta 1896, yana da shekara 48. Ya bar Agnes da ƴaƴa 4, babban yana da shekara 17.

A ganina bai kamata a ce ganganci ne kaɗai ya kashe shi ba, ko da yake barin iccen kariya kuskure ne. Dabarar tuƙi da ƙafa ita ce ta kai iyakarta. In fiffike ƙarami ne ba ya ɗaukar mutum da inji. In babba ne, ƙafafun mutum ba su iya juya shi. Cikin 2016 masana a Jamus suka sake gina irin fiffikenshi daidai, suka gwada shi cikin wani babban ɗaki mai hura iska. Suka ga ginin lafiya lau yake, yana yin kusan metir 4 gaba in ya sauka metir 1. Haɗarin ɗaya ne, in hanci ya ɗaga da yawa.

Waɗanda suka ɗora

Labarin mutuwar ya kai Amurka, wajen wasu ƴan uwa biyu masu gyaran keke a garin Daiton, Wilba da Obil Rait. Daga nan hankalinsu ya koma kan tashi sama. Suka nemi abin da Oto ya rubuta suka karanta. Suka gane inda ya tsaya, wato tuƙi. Wilba ya lura angulu in za ta karkata ba jiki take wurgawa ba, bakin fiffike take ɗan murɗawa. A 1899 ya yi ɗan ƙaramin fiffike na gwaji mai faɗin metir 1 da rabi, ya sake shi cikin iska yana tsaye ƙasa, yana murɗa shi da zare. Ya yi.

Da suka gina manya a 1900 da 1901 bisa lissafin Oto, ƙarfin ɗagawa bai kai yadda takarda ta ce ba. Sai suka yi irin abin da shi ma zai yi. Suka ƙera akwati mai hura iska, suka gwada ƙananan fukafukai wajen 200, suka gyara lissafin. Daga baya an gane yawancin kuskuren daga wata tsohuwar lamba ce da kowa ke aiki da ita tun kafin a haifi Oto. Ran 17 ga Disamba 1903, a Kiti Hok, jirginsu mai inji ya tashi, sakan 12, metir 37. Ba su manta da malaminsu ba. A 1911 Wilba ya ziyarci Agnes a Barlin, daga baya suka aika mata kyautar kuɗi.

Daga nan abin ya yi sauri. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage 3 na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar, shekara 29 kacal bayan faɗuwar Oto.

Har yau masu gina ƙananan jirage na wasa, waɗanda ake tuƙawa daga ƙasa da rediyo, hanyar nan suke bi. Wasu jiragen faɗinsu ya fi tsawon mutum. Sai su sa doguwar sanda mai ƙarfi daga wannan baki zuwa wancan, kamar azara. Su yanka haƙarƙari da yawa daga wani icce maras nauyi mai suna balsa, kowane da doronshi, su jera su bisa azarar da gam, su rufe da leda ko zane. Bayan fiffiken akwai ƴan marafai da ɗan inji ke ɗagawa yana saukewa, su ne madadin ƙafafun Oto. In haƙarƙari ɗaya ya karkace, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, jirgi ya kifa. Yaranmu na Tawa da ke yin jirgi da totuwar kara da gwangwani, hannu gare su ƙwarai. Sai dai fiffiken nasu shimfiɗaɗɗe ne, shi ya sa sai da zare ake jan shi ƙasa.

Gustab ya yi tsawon rai. Da tsufa ya koma ga tsohon mafarkinsu, ya yi shekaru yana gina wani ƙaton jirgi mai kaɗa fiffike. Bai taɓa tashi ba. Ya rasu cikin 1933.

An sa ma babban filin jirgin Barlin na Tegel sunan Oto a 1988, an rufe filin a 2020. Wasu daga cikin fukafukan da ya saida suna nan ajiye gidajen tarihi, a Mosko da Washinton da Landan. Tudun nan na metir 15 shi ma yana nan cikin unguwar Lishtafelde. A 1932 aka yi mishi matakala, aka ɗora siffar duniya bisa kanshi, aka dasa itatuwa kewaye.